Balagar Goɗiya Daban, Ƙosawarta Daban

Duk wanda ya taɓa kallon Hawan Daushe a Kano, ko hawan salla a Katsina da Zazzau, ya san irin gatan da ake yi wa ingarma. A shekarar 2024 ma Hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Sai dai kowane ingarma goɗiya ce ta haife shi, ita kuwa ba a hawanta ranar salla, saboda haka tana can ƙauye ba mai waiwayar ta sai ranar da ake son ɗan dukushi. A nawa ra'ayi, babban zaluncin da ake yi mata shi ne gaggawar kai ta baye, wato barbara, tun jikinta bai ƙosa ba.

Goɗiya takan balaga tana da wata 12 zuwa 18, har ta fara neman namiji. Wannan ne ke ruɗar masu kiwo, su ɗauka lokaci ya yi. Alhali kuwa ƙasusuwanta ba sa gama girma sai wajen shekara 5, kuma na gadon baya su ne na ƙarshe. Cikin goɗiya yakan ɗauki kimanin kwana 340. Ashe ke nan wadda aka yi wa baye tana da shekara 2, za ta haihu ba ta cika 3 ba. A tsawon wannan lokaci abincin da take ci kashi biyu yake rabuwa, tsakanin ginin jikinta da ginin ɗan da ke mahaifarta. Bayan haihuwa kuma ga shayarwa: goɗiya mai nauyin kilo 300 tana iya fitar da nonon da ya kusa lita 9 a yini. Yarinyar dabba da ke rayuwa a kan kara da ɗan abin da ta tsinta a saura, ina za ta samo wannan? Daga tsokarta da ƙashinta za ta cire. Sai ta tsumbure, ɗan ya fito ƙanjamamme, mai ita ya yi biyu babu.

Masu kawo hujja sukan ce ai a ƙasashen Turai akan yi wa 'yar shekara 3 baye lafiya ƙalau. Gaskiya ne, amma waɗannan dabbobi ne da ake auna musu abinci, likita kuma yana duba su da na'urar hoton ciki. A yanayinmu na dogon rani, ina ganin shekara 4 ta fi dacewa, 3 kuwa sai ga wadda ta samu kiwo sosai. Wanda ya sayo goɗiya a kasuwa irin ta Maigatari bai san ranar haihuwarta ba, to ya buɗe bakinta. Haƙoran gaba na tsakiya sukan sauya daga na nono zuwa na dindindin a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. Malaman aikin gona za su iya nuna wa ɗalibai wannan a kan dabba mai rai.

Zaɓen wata ma yana da muhimmanci. Idan aka yi baye a Yuli, haihuwa za ta zo a Yuni, daidai fitowar ɗanyar ciyawa. Amma a lura, fiye da rabin girman ɗan tayi a watanni ukun ƙarshe yake faruwa, waɗanda a nan za su faɗo cikin tsananin bazara. Tilas ne a tanadi harawa da dusa da gero tun da kaka.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka jinkiri ba shi da illa. Daga wajen shekara 15 ɗaukar ciki yakan ragu, ɓari ya ƙaru. Goɗiyar da ta tsufa ba ta taɓa haihuwa ba, bakin mahaifarta ba ya sakewa yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a ciki bayan baye, cikin ya ƙi zama.

Shi ma ingarman a bincike shi, domin akwai nau'in sammore da ke yaɗuwa tsakanin dawaki ta hanyar baye. Ranar haihuwa kuwa a riƙe lissafi: ɗan dukushi ya miƙe cikin awa 1, ya sha dakashi cikin awa 2, mabiyiya ta faɗo cikin awa 3. In ta wuce haka, kada a ja ta da hannu, a kira likitan dabbobi a daren nan.