RA'AYINMU: Wa Zai Rubuta Tarihinmu?



Da yawa daga cikinmu ba su san cewa masana sun daɗe suna bincike a kan kakanninmu ba. Joseph Greenberg, mutumin Amurka, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a shekarun 1938 da 1939, ya kuma fitar da littafinsa a 1946. Jerome Barkow ya wallafa nazarinsa na kwatanta Musulmi da Maguzawa a 1973. Farfesa Murray Last ya zauna da su a ƙasar Malumfashi, ya yi rubutu a kan asalin sunan. Masana da dama suna ganin kalmar ta fito ne daga "majus" ta Larabci, wato suna ne da aka ba Hausawan da ba su musulunta ba, waɗanda ke biyan jiziya su ci gaba da zama a gonakinsu.

Mun gode wa waɗannan masana. Aikinsu ya tabbatar da abin da dattawanmu suka sha faɗa: mu ba baƙi ba ne a ƙasar nan, kuma Hausa harshe ne da al'umma, ba sunan addini ba. Amma mu lura da abu biyu. Na farko, littattafan da Turanci suke, suna ɗakunan karatu na jami'o'i, nesa da mai bi na Riruwai ko Kiru. Na biyu, hankalin masanan ya fi karkata ga bori, tsafi da al'adun gida. Yadda bishara ta shigo ƙauyukanmu, da wahalar da masu bi na farko suka sha, yawancinsa yana bakin tsofaffi har yanzu.

Wannan ba zancen 'yan boko kaɗai ba ne. Ɗanmu yakan je neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, a dubi sunansa, Bulus ko Istifanus, a fara shakkar ko ɗan ƙasa ne. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda addini ko ƙabila, amma doka takan fi amfanar wanda ke riƙe da hujja. Mu tuna da Ezra 2:61-62, inda waɗansu suka nemi sunayensu a littafin asali ba su samu ba, aka fitar da su daga aikin firist.

Saboda haka muna roƙon dattawan kowace ikilisiya a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su ɗauki matakai uku. Ɗaya, a zaɓi matasa biyu su zauna da tsofaffi, maza da mata, su ɗauki muryarsu, su rubuta sunayen kakanni, kufai, gonaki da makabartu. Biyu, a adana rajistar baftisma da ta aure inda gara da ruwa ba za su ci ba. Uku, idan ɗalibi ya zo bincike daga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, a karɓe shi da hannu biyu, a gaya masa gaskiya, a kuma roƙe shi ya dawo mana da kofin abin da ya rubuta. 'Yan'uwanmu Kurama su ma su yi haka da harshensu.

Kada mu ƙara gishiri, kada kuma mu ɓoye cewa kakanninmu sun bauta wa iskoki. Luka ma sai da ya bi diddigin kome kafin ya rubuta wa Tiyofilas. Ba don gaba da maƙwabtanmu Musulmi za mu yi wannan ba, gama da yawansu jininmu ne, kaka ɗaya muka haɗa.

A fara kafin damina ta shigo, domin tsofaffinmu suna ta tafiya gida. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.