Ra'ayi: Gaɓar Binuwai ba ta zaftarewa banza

Duk shekara idan ruwa ya janye sai a tarar wani yanki na gaɓar Kogin Binuwai ya faɗa ruwa, ya tafi da gona ko lambu, wani lokaci har da katangar gida. Abin da aka saba cewa shi ne ruwa ya ci, ko kuma a ɗora laifin a kan madatsar Lagdo ta Kamaru. Ra'ayina shi ne akwai hannunmu dumu-dumu a wannan ɓarna, kuma gyaran wannan kason namu ba ya jiran kowa.

Mu fara da yadda kogi yake cin gaɓa. A duk inda kogi ya yi kwana, ruwa ya fi gudu ta bayan kwanar, sai ya riƙa ƙwaƙule gindin gaɓa, ya kai yashin ya zube a ɗaya gefen. Idan aka yi ambaliya, ƙasar gaɓa takan sha ruwa ta yi nauyi. Da zarar kogi ya sauka da sauri, babu abin da zai tallafe ta, sai ta zaftare. Binuwai ya daɗe yana haka, tun daga Garwa, ya ratsa Jimeta da Numan da Makurɗi, har ya haɗu da Neja a Lakwaja. Abin da ya sauya shi ne saurin ɓarnar.

Dalili na farko sauyin yanayi ne. Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana sa iska ta riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa ruwan sama yake zuwa da ƙarfi a lokaci guda. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. Ta 2022 ta kashe fiye da mutum 600. Lagdo kuwa, wadda aka kammala a 1982, idan ta cika dole a saki ruwa. Waɗannan sun fi ƙarfin ɗalibi da manomi.

Sauran dalilan biyu a gabanmu suke faruwa. Jirgi mai inji idan ya wuce da gudu kusa da gaɓa yakan tura igiyar ruwa ta daki gindinta. Ɗaya ba ta yin komai, amma a lissafa jirage nawa ke kai da komowa ranar kasuwa. A Kanada, manyan jiragen kaya suna rage gudu a wasu sassan Kogin Sen Loran da ke ƙasa da birnin Montiriyal tun shekarar 2000, saboda wannan matsala. Idan jirgin da ke ɗauke da dubban tan na kaya zai iya sassautawa, ba na jin hakan zai gagari kwalekwale mai inji.

Sai kuma haƙar yashi da share gaɓa. Wanda ya cika tifa daga gindin gaɓa ya cire ginshiƙin da ke riƙe da ita ne. Wanda ya sare giyayya don itacen girki, ko ya nome ciyawa har bakin ruwa don ya ƙara kunya biyu na albasa, ya tsinke saiwoyin da ke ɗaure ƙasar. Baɗi sai kogi ya karɓe kunyoyin nan biyu, ya haɗa da goma.

Wani zai ce masu yashi da masu jirgi abincinsu suke nema, kuma ajujuwan da muke zaune ciki ma da yashin kogi aka gina su. Gaskiya ne, ba na cewa a hana su sana'a. Amma kogi da kansa yana tara yashi a tsakiyarsa da cikin kwana, a can ya kamata a ɗiba. Sarkin Ruwa da shugabannin masu jirgi za su iya sa dokar rage gudu kusa da gari, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta mara musu baya. Manoma su bar wa gaɓa 'yan taku na ciyawa, musamman jema, wadda saiwarta ke nutsewa can cikin ƙasa ta riƙe ta.

Mu ma muna da namu aikin. Ina roƙon malaman labarin ƙasa su jagorance mu mu kafa turaku a wasu wurare nesa da bakin gaɓa, mu riƙa auna tazarar da ke tsakani a farkon kowane zango da ƙarshensa, tare da malami, ba tare da kowa ya hau inda ƙasa ta tsage ba. Sakamakon za mu riƙa liƙa shi a wannan allo. Idan muka je gaban mai unguwa ko shugaban ƙaramar hukuma da mitoci a rubuce, maganarmu za ta fi nauyi. A farkon damina kuma kowane aji ya dasa layin jema guda. Duk mai son shiga ya ba da sunansa ga kulob ɗin 'yan jarida kafin hutu.