Guangzhou: Yadda waya da takardu suka zama jarin baƙon ɗan kasuwa a China

Ɗan kasuwar da ya taso daga Kano ko Maraɗi ya sauka a filin jirgin Baiyun na birnin Guangzhou zai fara cin karo da matsala tun kafin ya isa masauki. WhatsApp ba ya buɗewa da layin China, taswirar Google ba ta aiki, mai shago kuma yana iya rasa canjin da zai ba shi idan ya miƙa takardar yuan 100.

Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong mai mutum fiye da miliyan 18, ya daɗe yana karɓar 'yan kasuwar Afirka ta Yamma. A nan ake baje-kolin Canton tun 1957, sau biyu a shekara, kuma unguwannin Xiaobei da Sanyuanli sun yi suna wajen masu sarin tufafi, takalma da wayoyi.

Hukumomin China sun sassauta wa baƙi abubuwa da dama tun bayan korona. Sai dai sassaucin ya fi amfanar wanda ya zo da katin banki mai aiki da cikakkun takardu.

Kuɗi sun koma cikin waya

Daga kuɗin mota zuwa na abinci, kusan komai da Alipay ko WeChat Pay ake biya. A da sai mai asusu a bankin China ne ke jin daɗinsu.

A watan Yulin 2023 manhajojin biyu suka buɗe ƙofa ga katunan Visa da Mastercard na ƙasashen waje. A watan Maris na 2024 kuma babban bankin ƙasar ya ɗaga abin da baƙo zai iya biya a lokaci guda daga dala 1,000 zuwa 5,000, na shekara kuma daga dala 10,000 zuwa 50,000. Cinikin da bai wuce yuan 200 ba babu caji, wanda ya haura ana cire kashi 3 cikin 100.

Matsalar ɗan Najeriya daga gida take. Bankuna da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a waje a 2022, kuma da wasu suka dawo da shi a 2025, sun sa masa iyaka. Wanda ba shi da katin dala kan koma hannun dillalai, ya ba su kuɗi su biya masa. Idan dillali ya ɓace ko aka toshe asusunsa, da wuya a samu takardar da za a kai ƙara da ita.

Doka ta hana mai shago ƙin karɓar tsabar kuɗi, don haka riƙe ƙananan yuan a aljihu yana da amfani.

Awa 24 da biza

Dokar shige da fice da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2013 ta wajabta wa baƙo yin rajistar masaukinsa cikin awa 24. A otal, ma'aikata ne ke yi masa. Wanda ya sauka gidan ɗan'uwa ko aboki, shi ko mai masaukinsa ne za su kai fasfo ofishin 'yan sanda na unguwar. Sakaci na iya jawo tarar da ta kai yuan 2,000.

Wuce wa'adin biza ya fi haka tsada: yuan 500 a kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya hana mutum dawowa na tsawon shekaru. Bizar kasuwanci, wadda ake kira M, ba ta ba da izinin kama aiki ba.

Nan ne da yawa ke faɗawa. Masana'anta ta jinkirta kaya, mutum ya ce bari ya jira mako ɗaya, biza ta ƙare yana jira. Neman ƙarin wa'adi sai an yi shi aƙalla kwana 7 kafin ta ƙare.

Damar shiga ba biza ta awa 240 da China ta sanar a Disambar 2024 ga masu yada zango daga ƙasashe 54 ba ta haɗa da wata ƙasar Afirka ba.

Zirga-zirga, abinci da sallah

Jirgin ƙasa na ƙarƙashin birni shi ne mafi sauƙi. Layi na 3 yana zuwa filin jirgi, na 5 yana tsayawa a Xiaobei, na 2 a Sanyuanli, na 8 kuma yana kai mutum Pazhou inda ake baje-kolin. Tasi ana kiranta da manhajar Didi, taswira kuma da Amap ko Baidu.

Jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Guangzhou ta Kudu yana isa Shenzhen cikin kusan rabin awa. Ana sayen tikiti a manhajar 12306, kuma fasfon da aka saya da shi ne ake nunawa a ƙofa.

Abincin halal bai yi wuya ba, musamman a Xiaobei inda Musulmin ƙabilar Hui ke da shagunan taliya. Akwai Masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a China, da kuma masallacin da ke kusa da kabarin da mazauna birnin ke dangantawa da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, inda baƙi ke cika ranar Juma'a.

Tabon 2020

A watan Afrilun 2020 an kori 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a birnin bisa zargin yaɗa korona, har kakakin majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gana da jakadan China a Abuja kan lamarin.

A 2024 hukumomin China sun umarci otal-otal su daina juya baƙi da hujjar rashin lasisin karɓar 'yan ƙasar waje. Umarnin ya ba baƙo abin da zai kafa hujja da shi, amma tabbatar da ɗaki kafin tasowa ya fi jayayya da tsakar dare.

Ga mai shirin tafiya, yawancin aikin a gida ake gama shi: katin da ke biya a waje, manhajojin da aka sauke aka kuma haɗa da fasfo, lambar ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Guangzhou ko ofishin jakadancin ƙasarsa, da ranar dawowa wadda ta bar sarari ko da kaya sun makara.