Kafin ka sayi 'ya'yan kifi, fara ƙirga ruwanka



Wani ƙanena ya nuna mini bidiyon kifin koi, kifin adon nan mai ja da fari da mutanen Niigata ta ƙasar Jafan suka shahara da kiwonsa. Ruwa garau, har duwatsun ƙasa kana gani. Ya ce irin wannan yake so a bayan gida, amma da tarwada. Na ce masa ruwan nan da ka gani, famfo da matata ne ke aiki a kansa dare da rana. Mu nan Gurbin Bore ina wutar da za ta riƙe wannan? Hannunka ne matatarka.

Ra'ayina shi ne, mai kiwon kifi ruwa yake kiwo. Kowa tambayarsa kuɗin buhun abinci, ba mai tambayar ruwa.

Da na gama makaranta na zuba tarwada 300 a kwamin siminti, ina taƙama da ilimin aji. Bazara ta shigo, rijiyarmu ta ja baya, na koma yin sati ban canza ruwa ba. Ba su mutu nan take ba, kuma abin da ya yaudare ni ke nan. Tarwada tana iya shaƙar iska daga sama, don haka tana jure ƙazanta. Sai dai kashinta da ragowar abinci suna zama amoniya, ta daina ci, ta daina girma. Wata shida na kwashe su ƙanana, wallahi ko kuɗin abinci ban mayar ba.

Mu yi lissafi. Kwami mai mita 2 tsawo, 2 faɗi, ruwa mita 1, lita 4,000 ke nan. In kifi sun girma, kana bukatar zubar da kashi ɗaya cikin uku duk bayan kwana biyu ko uku. Jarka mai lita 25 sama da 50 ke nan kowane canji. Kana da su a watan Afrilu? In babu, rage yawan kifin.

Wajen tsafta kuma, sa tiyo ka zuƙe dattin ƙasa, can ɓarnar take. Kada omo ko sabulu su taɓa kwamin, buroshi da ruwa sun isa. Canza ruwa da safe ko da yamma, ba da tsakar rana ba, kuma ba bayan sun ƙoshi ba. Sabon kwami a jiƙa shi, a yi ta zubarwa kafin a sa kifi, don siminti yana kashe su. Ka ga kumfa, ko ka ji wari, ko kifi sun tsaya tsaye a saman ruwa, to kada ka jira gobe. Ruwan da ka zubar kuwa taki ne, ja shi zuwa zogale da alayyahu.

Wani zai ce ai Malam wane wata guda yake yi bai canza ba, kifinsa na nan. Suna nan, amma a ɗora su a sikeli mu gani.

Na san halin da ake ciki a yankin Zurmi, gona mai nisa ta zama abin fargaba, shi ya sa sana'ar cikin gida ke jan matasa. To jarin nan da aka tara da ƙyar, kada ruwa ya cinye shi. Kifi 100 masu ƙiba sun fi 300 ramammu daraja a kasuwar Ƙaura.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya ba mu zaman lafiya.