Orka da masu zama a jirgin ruwa: wa zai ɗauki asarar?

Tun 2020 manyan dabbobin tekun da ake kira orka suke far wa ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska a gaɓar Sifaniya, Fotugal da Maroko, suna karya abin juya akalar jirgi. A Mayun 2024 sun nutsar da guda a mashigin Jibralta. Ga wanda ya mayar da jirginsa gida, wannan asarar matsuguni ce da ta jari lokaci guda. Sai dai orkan yankin ba su kai 50 ba, kuma doka ta haramta cutar da su. Shi ya sa hukumomi suke shawartar matuƙa su riƙa bin gaɓa. Tsadar gyara kuwa tana wuyan mai jirgi.