Bushewa Daban, Dahuwa Daban: Raddi Kan Ƙwalamar Kare Ta Gida

Na karanta makalar wani ɗan'uwa mai kiwon karnukan gadi, inda yake kwaɗaitar da mutane su sayi na'urar busar da abinci su riƙa yi wa karnukansu ƙwalama a gida, ta nama da hanta da dankali. A kan wannan ba ni da ja, ni ma haka nake yi wa nawa. Inda muka raba gari shi ne cewarsa a yanka ɗanyen nama a jera a na'ura, da zarar ya bushe magana ta ƙare. Ya kawo hujjoji huɗu, zan bi su ɗaya bayan ɗaya, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Hujjarsa ta farko ita ce busasshen nama na kanti ya kashe karnuka a Amurka. Gaskiya ne. Tun 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar take karɓar koke kan busasshen naman kaza da agwagwa da dankali, mafi yawansu daga China, kuma zuwa ƙarshen 2015 lamarin ya shafi karnuka sama da 6,200, fiye da 1,140 suka mutu, da yawa bayan ciwon ƙoda. Amma, Malam, iyakar abin da wannan ya nuna shi ne na kanti na iya cutarwa. Bai wanke na gida ba.

Ta biyu ita ce ginshiƙin makalar, kuma a nan kuskuren ya fi girma. Ya ce ƙwayar cuta ba ta rayuwa inda babu ruwa. Abin da bushewa take yi shi ne hana ta hayayyafa; salmonela kuwa tana iya kwantawa a busasshen abinci watanni tana jira. Na'urar kanta an ƙera ta ne don ta zuƙe danshi da iska mai ɗumi. Yawancin na gida suna aiki tsakanin digiri 54 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma muddin ruwa yana fita daga jikin naman, zafinsa yana ƙasa da na iskar da ke kaɗa shi. Kafin ya ɗauki zafi sosai ya riga ya bushe, ƙwayoyin da suka rage kuma sun ƙara taurin kai, domin busasshiyar ƙwaya ta fi jure wuta. Shi ya sa ma'aikatar gona ta Amurka take cewa a fara dafa jan nama har cikinsa ya kai digiri 71, na kaza 74, sannan a kai shi na'ura. Sun ga abin da idonsu: a 1995, a jihar Oregon, mutane sun kwanta da ƙwayar E. coli bayan sun ci naman barewa da aka busar a na'urar gida ba tare da an dafa ba.

Ta uku, ya ce ai kakanninmu da rana kaɗai suke yin kilishi. A nan ina roƙon ɗan'uwa ya je ya zauna wurin mai kilishi daga safe har la'asar. Zai ga an fere naman ya yi siriri kamar takarda, an shanya, an tsoma a labu, an sake shanyawa, daga ƙarshe an ɗora a kan garwashi ana juyawa har mai ya fara tsattsafowa, gefen yana murɗewa. Mahauta ba su taɓa barin wa rana aikin ita kaɗai ba, wuta ce ke rufe shi. Kwatancen ma yana da wani haɗari, domin wani zai ɗauka a yi wa kare labu irin namu. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ka ga dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu, ƙarfi ya ƙare. Gishiri da barkono da dunƙule ba su da gurbi a nan. Mai na'ura kuma ya sani, inabi da zabibi suna iya kashe ƙodar kare, kada ya busar ya miƙa masa.

Ta huɗu ita ce maganar da kowa ke yi: kare yana cin mushe, cikinsa ƙarfe ne. To, mu ƙaddara haka ne. Yaran gidan fa? Na sha ganin ƙaramar 'yata ta ɗauki guntun hanta ta miƙa wa karenmu, kafin a ankara ta kai yatsa baki. Kare kan ɗauki salmonela yana wasansa lafiya ƙalau, yana zubar da ita a kashinsa cikin tsakar gida. Daga 2015 zuwa 2019 mutane 154 a jihohi 34 na Amurka suka kamu da ita ta dalilin busasshen kunnen alade da ake sayarwa don karnuka, kuma akwai ƙananan yara a cikinsu. Su ba tauna shi suka yi ba, taɓawa ce kawai, ko cuɗanya da karen da ya ci.

Ya kuma ce tun da na gida ne a ba kare iya cinsa. Likitocin dabbobi ba su yarda ƙwalama ta wuce kashi 10 cikin ɗari na abincin yini ba, hanta kuwa in ta yi yawa bitamin A ɗinta yana taruwa ya lalata ƙashi da gaɓoɓi.

Ni ga yadda nake yi. Ina cire kitse tas, domin shi ke fara wari, in turara naman har ya dahu, in yanka shi siriri, in jera a na'ura ba tare da wani ya hau wani ba. Idan na lanƙwasa ya tsage ba alamar danshi, sai in bar shi ya huce, in rufe a kwalba in saka a firij. Ƙarin aikin bai kai rabin awa ba. Ina roƙon ɗan'uwa, don Allah, ya koma ya gyara makalarsa ya ƙara wannan dahuwar, domin akwai masu karanta shi da yaransu ke rarrafe kusa da kwanon kare.