Giya ba ta da gurbi a lissafin abinci

Wani sabon yayi ya shigo mana Yamai, Maraɗi da Damagaram: lissafin kalori. Samari masu ɗaga ƙarfe da ma'aikatan ofis masu son rage tumbi sun sa manhajoji irin su MyFitnessPal a salularsu, suna rubuta duk abin da ya shiga bakinsu. Manhajar tana raba abinci gida uku: furotin na nama, wake da ƙwai, sitaci da sukari na hatsi, shinkafa da rogo, sai mai da kitse. Ba ni da ja da wannan yayi, don wanda ya san abin da yake ci ya fi wanda yake ci ido rufe. Amma akwai tambayar da ake yi ƙasa-ƙasa, ba a yin ta a fada gaban jama'a: wanda yake shan giya, a wane gida zai sa ta?

Amsata ita ce ba ta da gida a cikin ukun. Duk dabarar da ake yi don a cusa ta cikinsu, lissafi ne da yake daidai a salula amma yake ƙarya a cikin jiki.

Na san wani zai ce mene ne ruwanmu da wannan magana, ƙasar da kusan kowa Musulmi ne. Hukuncin addini a kan giya a fili yake, kuma ba shi na zo tattaunawa ba. Amma mashaya suna nan a manyan garuruwanmu, kuma ba baƙi kaɗai ke cika su ba. Wanda yake sha a ɓoye hantarsa ba ta san ɓoyo ba. Yana zuwa asibiti kamar kowa, ana auna masa sukari, ana rubuta masa magani, ana tsara masa abin da zai ci. In an bar kwalbar a waje, duk tsarin ya tashi a banza. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mu fara da alƙaluma. Giram ɗaya na furotin yana ba jiki kalori 4. Giram ɗaya na sitaci ko sukari ma 4. Giram ɗaya na mai 9. Giram ɗaya na tsantsar barasa kuwa 7, wato ta fi sukari nesa, ta kusa kama mai. Waɗannan lambobi sun samo asali daga aikin wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Wilbur Atwater, wanda ya riƙa sa mutane cikin wani ɗaki na musamman yana auna zafin da jikinsu yake fitarwa. A 1902 shi da abokin aikinsa Francis Benedict suka wallafa sakamakon gwajinsu a kan barasa, inda suka nuna jiki yana ƙona kusan dukanta ya sami ƙarfi daga gare ta. Nan da nan masu sayar da giya suka ɗauki maganar suka sa a talla, suna cewa ga kimiyya ta tabbatar giya abinci ce. Ƙungiyoyin yaƙi da shan giya suka yi ca a kansa, alhali shi kansa ba mai kiran mutane su sha ba ne. Wannan ruɗani na ɗaukar duk abin da ke ba da kalori a matsayin abinci, shi ne ya dawo mana yau cikin salula.

Kowa zai iya yin lissafin da kansa. A ɗauki yawan ruwan, a ninka da kason barasar da aka rubuta a jikin kwalba, a sake ninkawa da 0.8, don barasa ba ta kai ruwa nauyi ba. Babbar kwalbar biya mai santilita 65 da barasa kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da kimanin giram 26 na barasa, wato kalori 180. In aka haɗa da sitacin hatsin da ya rage a ciki, jimilla ta kai wajen 280. Daidai yake da ƙwayar sukari 14, ko farantin dafaffiyar shinkafa mai giram 200 da ɗoriya. Wanda ya sha uku a zama ɗaya ya kwankwaɗi kalori 840, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da namiji baligi yake buƙata a yini, kuma bai ci komai ba tukuna. Ƴar ƙaramar leda ta barasa mai ƙarfi, santilita 5 a kashi 40, kalori 110 ce. Burkutu kuwa ba shi da takarda a jikinsa, ƙarfinsa ya danganta da tukunya da kwanakin da ya yi, ga kuma dawar da ba ta gama rikiɗa ba.

To ga dabarar da ake koya wa masu lissafi a intanet. Tunda manhaja gida uku ta sani, sai a ce ka raba kalorin giyar da 4 ka rubuta ta a matsayin sitaci, ko ka raba da 9 ka rubuta ta a matsayin mai. Kwalba mai kalori 280 sai ta koma sitaci giram 70, ko mai giram 31. Daga nan sai mutum ya rage shinkafar dare, ya ce ya biya kuɗin kwalbarsa. Manhaja ta nuna masa kore, ya kwanta da murna.

Matsalar ita ce jiki ba ya karɓar wannan musaya. Sukari in ya yi yawa, jiki yana da rumbun ajiye shi a hanta da tsoka. Mai in ya yi yawa, yana da rumbunsa a ƙarƙashin fata. Furotin yana gina tsoka da jini. Barasa ba ta da rumbu, kuma ba ta gina komai. Jiki yana ɗaukarta a matsayin guba da dole a fitar, don haka hanta takan ture sauran ayyukanta ta fara da ita. Tana mai da ita wani sinadari mai suna asitaldihaid, wanda shi ma guba ne, sannan ta mai da shi asitet, danginsu ɗaya da abin da ke sa binigar tsami. Tsoka sai ta kama ƙona asitet ɗin ta bar kitse. Wani gwaji da aka yi a Berkeley ta Amurka a 1999 ya ba maza takwas giram 24 na barasa, ƙasa kaɗan da abin da ke cikin babbar kwalba ɗaya, aka ga ƙona kitsen jikinsu ya ragu da kashi 73 cikin 100 na wasu sa'o'i. Kaɗan ne daga barasar kanta ya zama kitse. Abin da ta yi shi ne ta tare hanya, man da aka ci tare da ita ya wuce rumbu kai tsaye.

Kuma hanta ba ta sauri. Abin da take iya sarrafawa bai wuce giram 7 zuwa 10 a awa ba. Mai kwalba uku ya ba ta aikin awa 8 zuwa 11. Ya tashi da asuba ya tafi gudu a bakin filin wasa, jikinsa bai gama da aikin jiya ba.

Masu ɗaga ƙarfe su ma su ji nasu. A 2014 masu bincike a Ostareliya suka gwada samari bayan motsa jiki mai tsanani. Waɗanda suka sha barasa mai yawa, ko da sun haɗa da furotin, ginin tsokarsu ya ragu da kashi 24 cikin 100 in aka kwatanta da lokacin da suka sha furotin zalla. Adadin da aka ba su mai yawa ne, gaskiya, amma darasin a fili yake: lambar furotin ta cika a salula, aikin da ya kamata ta yi a jiki bai cika ba.

Akwai kuma abin da manhaja ba ta gani sam. Kalorin da aka sha ba ya ƙosar da mutum kamar wanda aka tauna, kuma barasa tana buɗe ciki tana kashe kunya. Shi ya sa mai tsire da mai gasa kaji ba sa nisa da ƙofar mashaya. Wanda ya auna shinkafarsa da sikeli da rana, shi ne zai ci balangun jika biyu da tsakar dare bai rubuta ko giram ɗaya ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce aikin likita Charles Lieber a birnin New York cikin shekarun 1970. Kafin shi, likitoci da yawa sun ɗauka rashin cin abinci mai kyau ne yake lalata hantar mashaya, ba barasar kanta ba. Sai ya ciyar da birai irin gwaggon biri abinci cikakke, da furotin da bitamin yadda ya kamata, amma rabin kalorinsu daga barasa. Hantarsu ta tara kitse, ta wasu kuma ta ƙeƙashe. Ma'ana, ko lissafinka ya daidaita ƙwarai, bai kare hantarka ba. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abubuwan sha masu barasa cikin rukunin farko na masu haddasa sankara tun 1988, kuma a Janairun 2023 hukumar ta fito fili ta ce babu wani adadin da za a kira marar haɗari ga lafiya. Ba a taɓa faɗin haka a kan gero ko man gyaɗa ba. Yaya za a sa su a ma'auni ɗaya?

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne wurin masu ciwon sukari. Idan mutum ya daɗe bai ci ba, hanta ce take ƙera sukari ta saki cikin jini don kada ya faɗi. Barasa tana hana ta wannan aiki. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwaya irin glibenclamide, in ya bi shawarar intanet ya tsallake abincin dare don ya bar wa kwalba wuri, sukarinsa zai iya faɗuwa warwas cikin barci. Alamomin kuwa, zufa, layi, magana ba kai, sun yi kama da maye. Abokai za su ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mai kare lissafin zai ce: tunda mutum zai sha ko an hana shi, ai gara ya rubuta da ya ɓoye. Na yarda da rabin wannan magana. A rubuta, amma da sunanta. A buɗe mata layi na huɗu ita kaɗai, a rubuta giram nawa na barasa aka sha da ranar da aka sha, kalorinta kuma a ɗora a kan jimilla ba tare da an cire ko loma ɗaya daga abinci ba. Wanda ya ga giram 77 a daren Asabar a rubuce, ya san an ce kofi ɗaya a ma'aunin Faransa giram 10 ne, kuma hukumomin lafiyar can, ƙasar da aka sani da ruwan inabi, sun ce kada a wuce kofi 2 a rana da 10 a mako, to ya ga gaskiyar halin da yake ciki. Wanda ya rubuta ta a matsayin sitaci kuwa ya shafa wa kansa hoda ne kawai. Masu sayar da ita ma ba sa taimakawa: a Tarayyar Turai dokar rubuta bayanin abinci a jikin kaya ta keɓe abin sha mai barasa sama da kashi 1.2, sai a Disambar 2023 aka tilasta wa masu ruwan inabi rubuta kalori. Kwalbar lemu tana faɗin abin da ke cikinta, ta giya takan yi shiru.

Sauran aikin yana wuyan malaman asibitinmu. Kunya tana hana su tambayar dattijo mai rawani ko uwar ƴaƴa ko suna sha, shi ma marar lafiya kunya tana hana shi faɗi, musamman in ɗan'uwa yana tsaye a kansa. Ga shi yankinmu yana cikin wuraren da ciwon hanta nau'in B ya fi yawa a duniya, kuma da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Hantar da ƙwayar cuta take ci, a ƙara mata barasa, lalacewarta ta fi sauri. Ya kamata tambayar ta zama ta kowa da kowa kamar awon jini, a yi ta a keɓe, ba wa'azi ba zargi, a kuma riƙe sirri. In an tambayi kowa, ba wanda zai ji an ci mutuncinsa.

Mu da ba ma sha kuma kada mu yi saurin taɓe baki. Gwangwanin Coca-Cola mai santilita 33 yana ɗauke da sukari giram 35, wato ƙwaya 7. Shayin fada da ake zagayawa sau uku, da lemun yakuwa mai zaƙi kamar zuma, su ma kalori ne da suke wucewa ta maƙogwaro ba a rubuta su ba. Bambancin shi ne su sukari ne, kuma gidansu a lissafi sananne ne. Barasa ba ta da shi.

Ga mai sha, shawarata a taƙaice take. Mafi alheri ga jikinka ka daina, kuma in ka daɗe kana sha kullum, ka nemi likita ya taimaka maka, don yankewa farat ɗaya tana iya jawo karkarwa da farfaɗiya. Kafin ka kai ga haka, kada ka sayar da tuwonka don ka sayi kwalba, kada ka sha da yunwa, kuma ka gaya wa mai duba lafiyarka adadin gaskiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.